Hannun da Tanko Bai Kama Ba

Tanko direba maƙwabcina ne a Gyaɗi-Gyaɗi, katanga ɗaya ta raba mu. Daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila ya zo, shi da matarsa Rabi, da jaririya a bayanta. Ni gyaran keken ɗinki nake yi a ƙofar gida, saboda haka abin da ya wuce a layinmu ina gani, ko ban tanka ba.

Ya daɗe yana tuƙi a wani kamfanin takalman roba na 'yan Caina. A can akwai wani tsoho mai dafa musu abinci, Baba Liyu, wanda in ɗayansu ya kwanta shi ake fara kira. Tanko ke kai shi kasuwar 'Yankaba cefane. A hanya, da guntuwar Hausa da nuni da hannu, tsohon ya koya masa yadda mutanensu ke gane cuta. Bai kai ga koya masa magani ba ya koma ƙasarsu.

Da Tanko ya ajiye tuƙi, sai ya zama kullum yana kan bencina. Yakan ce cuta ta ƙofa biyu take shiga. Ta waje ita ce sanyi da zafi da danshi da makamantansu. Ta ciki kuwa mutum ne ke haifar abarsa: fushi ya sauka a hanta, tsoro a ƙoda, baƙin ciki a huhu. Mai son gane ta kuma sai ya duba, ya saurara, ya tambaya, sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu.

"Malam Ɗahiru, miƙo harshe," in ji shi wata rana. Na miƙa. "Kai! Kamar an shafa farar ƙasa. Sanyi ne. Rage ruwan firij."

Na ce, "Mu da wuta ta manta da layinmu, ina na ga firij?"

"To surukanka na ba ka a ɓoye."

Yara suka sa masa Likitan Caina. Masu adaidaita sahu kan tsaya su miƙa masa hannu, har matan Tarauni kan zo. Bai taɓa ba kowa ko saiwa ba. In abin ƙarami ne ya ce a rage yaji, a yi barci. In bai gamsu ba ya ce, "Ga asibiti can, da ƙafa ma ka isa." Akwai bugun jijiya guda da ya ce Baba Liyu ya kwatanta masa, kamar ɗigon rufin kwano bayan ruwa ya ɗauke: ɗis, ka jira har ka fid da rai, sannan ɗis. Ya ce Allah kada ya nuna masa shi a hannun kowa.

Hannu ɗaya ne a unguwar bai taɓa kamawa ba, na Nafisa, jaririyar nan da suka zo da ita. 'Yar fari ce, shi kuwa da kunyar ƙauyensu ya shigo birni. Bai taɓa faɗin sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". In ta shigo zaure, bango yake kallo.

Ta auri Ashiru mai adaidaita sahu a Daurawa. Da ta haihu, cikin damina, aka dawo da ita gida wankan jego. Rabi ta tsaya a kai yadda aka yi mata: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa kwano guda.

Bayan suna Tanko ya daina zolaya. Wata safiya ya ce da ni, "Takalman uwarta take sawa. Nata ba sa shiga."

"Ka ga ƙafar?"

"Takalman na gani a bakin ƙofa. Kuma tari nake ji, mai ruwa-ruwa. An ce a zaune take barci." Ya ƙara da cewa, "Dubawa da saurare kawai nake da su, su ma daga nesa."

Na ce, "To ka shiga mana, ka kama hannunta."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "Ɗakin mai jego? 'Yar farina? In tambaye ta fitsarinta? Haba, Malam Ɗahiru."

Sai ya aiki Rabi ta duba masa harshen. Ta katanga nake jin su. Ta dawo ta ce, "Harshe dai harshe ne, Malam."

"Gefensa fa? Akwai shatar haƙori?"

"Akwai. Wa ba shi da haƙori?"

Ya ce ruwa ne ya taru mata a jiki, a dakata da kanwar, a kai ta asibiti. Rabi ta ce kumburin jego ne, sanyi ne ya shige ta, wuta za a ƙara. "Haka aka yi mini, ga ni a tsaye. Mai jego ba ta fita sai arba'in. Kai da ko sunanta ba ka iya faɗi, yau kai ne ungozoma?"

Ya kama yatsun Rabi ya ɗora a hannunsa, yana koya mata, ko za ta ji masa. Ta shiga ta fito ta ce, "Yana bugawa, alhamdu lillahi."

Ni na tare Ashiru na gaya masa. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Baba, ai tana hannun Inna. Ina ni ina sa baki?" Kowa da kunyarsa, ita kuma tana ta kumbura.

Ranar da Nafisa ta faɗi a wurin wanka, da hantsi ne, an ɗauke ruwa ke nan. Aka sa ta a adaidaitar Ashiru, Rabi ta rungume ta, ni na raɓa a gaba. Ba wurin da Tanko zai zauna sai gefenta. Muka faɗa wani rami, hannunta ya zamo kan gwiwarsa. Na waiwaya na ga ya ɗora yatsun nan uku.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Baba, yau ni ma an duba ni?"

Ya gyara zaman yatsunsa.

"Me ka gani?"

Ya ce, "Ba komai, Nafisa. Mun kusa."

Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Yatsunsa kuwa ba su motsa ba har ƙofar asibiti, fuskarsa irin ta mai jiran ɗigo.

Likita ta ce zuciyar ce ta kumbura, ruwa ya cika huhu. Sun yi iya yinsu. Ba ta kai arba'in ba.

Rabi ba ta ƙara leƙo ƙofar gida ba. Tsakaninta da Tanko ba wanda ya ce da wani kai ne, ko ke ce. Shi har yanzu yana zuwa bencina, amma in aka miƙo masa hannu sai ya ce, "Ga asibiti can." Ya kama tari tun bara. Na ce ya je a duba shi, ya ce ya san ƙofar da tarin ya shigo.

Yarinyar da aka bari tana wajensu, ta fara tafiya. Jika ba kunya, yana kiranta da sunanta, har ya ce matarsa ce. In za su tsallaka kwata yakan riƙe ta. Na lura da tafin hannunta yake kamawa, ba ya yarda yatsunsa su kai wuyan hannun.