Hamonikar da Baba Sukudireba Ya Bar Mini

Babanmu irin mutanen nan ne da idan ka ba su aron abu mai murfi, to ka yi sallama da shi. Sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki. Fitila, kwaɗo, agogon bango, laima, har keken ɗinkina na farko bai tsira ba: na dawo daga kasuwa na tarar da shi a warwatse a kan tabarma, Baba na zaune a tsakiya yana ce mini wai ƙararsa ce ba ta yi masa ba. Ranar na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Amma gaskiya ɗaya ce, da ya mayar da keken ya fi da gudu. Shi ya sa 'yan layinmu suke ce masa Baba Sukudireba, shi kuma ya amsa da fara'arsa, don kullum akwai 'yar ƙaramar sukudireba a aljihun gaban rigarsa, inda wasu ke soke biro.

Asalin sana'arsa fentin mota. Ya yi shekara da shekaru yana fesa fenti a wani gareji mai 'yar mitsitsiyar taga, ba abin da yake rufe hanci da shi sai tsumma. Motocin mutane suka yi ta ƙyalli, ƙirjinsa kuwa ya yi ta lalacewa. Da likita ya ce ya bari ko ya mutu, sai ya kafa tebur a ɗakin bakin ƙofa yana gyare-gyare.

Abu ɗaya ne a gidanmu bai taɓa kwancewa ba, hamonikarsa. Ɗan abin busa ne da bai fi tsawon tafin hannu ba, mai ramuka a jere. A cikin kowane rami akwai siraran harsuna na tagulla. Idan ka busa wani ya yi kuka, idan ka zuƙa wani ya amsa. Tun yana saurayi yake da ita. Kullum ya taso daga aiki, kafin ya shigo, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya busa wani ɗan gajeren take da shi ya ƙirƙira. Inna tana ji za ta ce, "Ga ɗan kiɗan nan ya dawo," ta tashi ta hau haɗa masa abinci tana mita, tana murmushi.

A tsakiyar taken akwai wata murya da ke fita da ziza, kamar ƙuda ya shiga kwalba. Wannan aikin Inna ne. Suna sabon aure ya ɓata mata rai, ta ɗauki hamonikar ta maka da bango, harshe ɗaya ya ɗan karkace. Idan ana neman wanda na gado a zafin rai, ba sai an yi nisa ba. Baba yakan ce wata rana sai ya gyara, Inna ta ce, "Taɓa ka gani."

To, tsufa ya zo wa Inna ta ka. Da farko makulli take mantawa, sai sunayen jikoki, sai nawa. Na dawo gidan da kekena don in kula da su, ta riƙa ce mini "baiwar Allah". Wannan na iya jurewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da Baba ya shigo ɗaki ta ja mayafi ta rufe kai, ta raɗa mini, "Wane ne wannan baƙon da ke shigo wa mutane ɗaki ba sallama?" Baba ya yi tsaye da kofin shayi a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Daga nan ta daina cin abinci. Ta ce ita ba ta cin abincin baƙi, mai gidanta take jira. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko a jikinta. Tana ramewa muna kallo.

Ba dabara ba ce ta cece mu, takaici ne. Wata rana da yamma Baba ya fita bakin ƙofa don kada in ga hawayensa, ya ciro hamonikar ya busa takensa. Sai na ji Inna daga ɗaki ta ce, "Ga ɗan kiɗan nan ya dawo." Da ya shigo ta dube shi sosai, ta ce, "Ka dawo? Ka daɗe fa." Suka zauna suka ci tare, ta cinye tas, har tana yi masa faɗan yana zubar da miya a riga.

Shi ke nan, abin ya zama ka'ida. Duk lokacin abinci da magani sai Baba ya sa hula, ya fita waje, ya busa, sannan ya shigo a matsayin mai gida. In babu busa, babu ci. Yayana da ke aiki a nesa, gwanin ba da shawara ta waya, ya ce mu ɗauki busar a waya mu riƙa kunna mata. Mun gwada. Inna ta ce, "Kashe rediyon nan, yana damuna."

Matsalar ita ce numfashin Baba yana ƙarewa. Taken da a da yake busawa yana tafe yana dariya, yanzu sai ya dafa bango, ya tsaya a tsakiya ya yi tari. Wani lokacin ba ya kai ƙarshe, Inna kuwa ba ta karɓar rabi.

"Ba ƙirjina ne kaɗai mai laifi ba," in ji shi. "Wannan abar ɓarauniyar iska ce. Rabin abin da nake hura mata ta gefe yake tsiyayewa."

Ranar ya ciro sukudireba, ya kwance ta a karo na farko.

Na ga ikon Allah a teburin nan. Katakon tsakiya, wanda ramukan ke jiki, ya sha yawu ya kumbura ya tsattsage. Baba ya goge shi sumul ya shafe da kakin zuma. Ƙananan ƙusoshin da suka riƙe ta ya cire su ya sa sukurori na tabarau, don ya iya matsewa yadda yake so. Gefen murfin da ke fizgar masa gashin baki tun ina yarinya, ya danne shi da hantsaki, ya ce da ma suna da tsohuwar gaba. Sannan ya gano cewa idan yana busa, iska na gudu ta gefen harshen zuƙa, a banza. Sai ya ce yana son wata 'yar siririyar leda mai ɗan tauri da za ta rufe kafar, ta buɗe da kanta idan ya zuƙa. Ya gwada fata, ta yi nauyi. Ya gwada takarda, ta jiƙe. Kwatsam na shigo na same shi da reza yana yanka baƙin hoton ƙirjinsa na asibiti.

"Baba! Likita fa ya ce a ajiye!"

"Yo ya riga ya gani. Huhun da ya ƙi yi mini aiki a ciki, bari ya yi mini a waje."

Kuma abin ya yi. Da ɗan hucin da bai isa kashe kyandir ba, hamonikar sai ta ɗauka. Baba ya yi ta murna kamar yaro, ya kira mai gyaran takalmin da ke gefenmu ya zo ya ji.

Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. Tun da ta riga ta buɗu a gabansa, ga karkataccen harshen nan yana kallonsa, hannunsa ya kasa haƙuri. Ya miƙe shi, ya daidaita shi, zizar ta ɓace. Da rana ya sa hula ya fita, ya busa taken tsaf, ba tari, ba tsayawa. Tun da nake ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba. Ya shigo yana washe baki.

Inna ta ja mayafi. "Baiwar Allah, ki ce wa mutumin nan ya tafi. Wani ne ke kwaikwayon mai gidana."

Ranar ba ta ci ba, washegari ma haka. Ni kam na sauke masa kwandon masifa. Na ce wa ya aike shi? Na ce komai sai ya taɓa, komai sai ya nuna shi gwani ne. Ya zauna yana jujjuya abar a hannu, can ya ce, "Shekara nawa ina jin haushin zizar nan. Ashe da ita take gane ni."

Lalata abu da gangan, ta yadda zai koma daidai yadda ya lalace, ya fi gyara wuya. Ya karkata harshen kaɗan, ya fita ya busa, Inna shiru. Ya dawo ya ƙara, ya yi yawa, muryar ta mutu gaba ɗaya. Ya rage. Haka ya yi ta kai da kawowa tsakanin tebur da ƙofa yana haki, ni kuma ina zaune kusa da Inna da kwano a cinya. Sai da rana ta yi sanyi na ji ƙudan nan ya koma kwalbarsa. Inna ta ɗago kai ta ce, "Ina ka shiga ne tun jiya?"

Muka samu wata da watanni a haka. Amma ƙirji ba ya jin sukudireba. Aka kai ga sai na riƙe shi zuwa ƙofa, daga baya na ajiye masa kujera a can.

A lokacin ne allon yanka albasata na roba ya ɓata. Na birkita kicin ina zargin kowa, ashe yana teburin Baba, ya yanka shi dogo yana fafe ramuka da magagari. Mai gyaran takalmi ya yi ta tattaro masa matattun hamonikoki daga wajen masu gwangwan, yana cire harsunansu yana gwadawa. Na tambaye shi me kuma yake ƙerawa, ya ce in ja bakina in yi shiru.

Da ya gama ya kira ni. Doguwa ce, mummuna, tana ɗan warin albasa har yanzu. Ba harshen zuƙa ko ɗaya a cikinta, duk na busa ne, kuma ya jera su bi da bi yadda taken yake tafiya. Karkataccen harshen nan ya ciro shi daga tsohuwar ya dasa a tsakiya.

"Busa," ya ce.

"Ni? Baba, ka san ko fito ban iya ba."

"Ba sai kin iya ba. Fara daga hagu, ki bi a hankali zuwa dama, kamar kina bin layin ɗinki. Ita za ta yi sauran."

Nan take na gane wa aka ƙera wa, kuma don wace rana. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni. Na ce ba na so, ya riƙe kayarsa, ai yana nan. Ya kama hannuna ya danƙa mini, ya ce, "Ke dai fushin nan naki ki rage shi idan za ki busa. Ba ta son ƙarfi."

Bai daɗe ba bayan nan ya rasu, da hantsi, a kan kujerarsa. Gida ya cika da mutane, Inna tana ta tambayar taron mene ne. Aka gaya mata, ta yi kuka, ta manta, ta sake tambaya. Da jama'a suka ragu na kai mata abinci, ta kau da kai ta ce mai gidanta take jira.

Na ɗauki doguwar na fita bakin ƙofa. Na sa baki daga hagu, na bi a hankali. Taken Baba ya fito daga bakina, da zizarsa a tsakiya, har ƙarshe. Na share fuska na shiga, ban san me zan ce ba idan ta tambaye ni ina yake.

Inna ta daɗe tana kallona, ta kalli abin da ke hannuna. Sai ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarama, wanda na fid da ran sake ji.

"Auta, babanki ne ya aiko ki?"

"Eh, Inna. Shi ya aiko ni."

"To kawo abincin," ta ce. "Ki rufe masa nasa."