Ƙullin da Inna Mai Igiya take bari ba kowa

Kafin mu malamai mu iso muna hamma, Inna Mai Igiya ta riga ta share ajin ƙanana, ta cika randa, ta sauko da igiyarta daga ƙusar bayan ƙofa. Igiyar guga ce doguwa, an yi mata ƙulli-ƙulli daga kai har wutsiya. Sai ta saɓa ta a kafaɗa, ta tsallaka kwalta, ta bi gari gida-gida. Duk ƙofar da ta yi sallama, sai a turo mata ɗan mitsitsin yaro, wani yana kuka, wani da sauran kwantsa a ido. Kowa ya san ƙullinsa, ya kama, a wuce gaba.

A wannan watan ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, tun tana ji da kunnenta.

Ajin nan wata ƙungiyar agaji ce ta gina mana, kuma Allah ya saka musu da alheri. Sun kawo bencina, sun kawo allo da littattafai masu hotuna, sun ɗauki nauyin malama. Abu ɗaya ya kuɓuce musu: filin da aka samu yana tsallaken babban titi ne, inda manyan motoci ke wucewa kamar an koro su. Iyaye mata suka ce wanda ya gina ya zo ya tsallakar. Aji ya zauna fes ba kowa, awaki suka mai da barandar wurin hutawa. Da wakilan ƙungiyar suka zo suka gani, suka ce in haka za a ci gaba, za su kai tallafin wani ƙauye. Ban ga laifinsu ba.

Ita Inna shara kawai aka ɗauke ta yi. Wata safiya ta jingine tsintsiya ta ce da ni, "Malam, wai ni awaki nake yi wa shara?" Washegari ta kwance igiyar gugarta ta zo da ita.

Dokarta ɗaya ce, yara kuma sun haddace ta kafin su haddace baƙaƙe: hannu a ƙulli, komai ya faɗi ya faɗi. In aka iso bakin kwalta sai ta tsayar da layin, ta duba gabas ta duba yamma, ta ɗaga jan ƙyalle, sannan ta ja. Sannu a hankali benci ya cika, maganar ɗauke tallafi ta bi ruwa.

Amma ƙullin farko, wanda ke bayan hannunta, kullum ba kowa a kansa. Yara har faɗa suke yi a kai, ita kuwa sai ta ce, "Kai, matsa. Da mai shi."

Mai shi ita ce Auta, 'yar mai faci, wanda rumfarsa ke bakin titin. Tun kafin a gina ajin, mota ta kashe masa babban ɗansa a gabansa. Yaron ya riga ya tsallaka, hularsa ta faɗi, ya koma ɗauka. Daga ranar mai faci ya rantse ba wani nasa da zai sake taka kwaltar nan. Mun je masa ni da shugaban makaranta, muka yi ta zuba bayani a kan amfanin ilimi. Ya bari muka gama, ya ce, "Malam, ku karatu kuka sani, ni titi na sani." Muka dawo jiki a sanyaye.

Inna ba ta taɓa yi masa wa'azi ba. Kullum dai sai ta tsayar da igiyar a gaban rumfarsa.

"Baban Auta, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"To, ga ƙullinta nan."

Shi ke nan, sai ta wuce. Auta tana zaune a kan tsohuwar taya tana bin su da kallo. Shekara ta juyo, sa'o'inta sun kusa shiga aji na gaba, ita ko alli ba ta taɓa riƙewa ba. Ni dai na fid da rai, har na ce wa Inna ta ba wani ƙullin, ta daina wahalar da bakinta. Ta dube ni ta ce, "Bakin naka ne ko nawa?"

Ranar da abin ya juya ina tsaye a ƙofar makaranta. Suna tsakiyar titi sai takalmin wani yaro ya fice. Sai na hango tirela tana gangarowa. Yaron ya waiga, ya ɓare baki da kuka, amma hannunsa bai bar ƙulli ba. Inna ta ci gaba da ja har suka hau gefe. Tirela ta bi ta kan takalmin. Can tsallake na ga mai faci a tsaye, guduma a hannu, ya kasa motsi.

Da safe igiya ta tsaya a rumfarsa kamar kullum. Ya miƙo takalmin, ya liƙe shi da gam ɗin faci. Sannan ya kamo hannun Auta.

"Inna, ga ta. Amma ki ba ni ƙyallen nan, ni zan riƙa tsayawa a titin."

"Da ma kai nake jira, ɗan nan. Hannuna ya gaji da ɗagawa."

Yanzu Auta tana manyan azuzuwa, ita ke karanta wa ubanta rubutun da ke jikin tayoyi, yana yi kamar bai damu ba.

Inna, ke ce uwar 'ya'yan wasu. Ke ce kika gane cewa gina aji daban, kai yaro cikinsa daban. Ba a sa sunanki a allon da ke jikin ginin ba, kuma ba ki taɓa tambaya ba. Na yi shekaru ina koyarwa, amma ban san wanda ya sa yara makaranta kamar ke ba, kuma ina faɗin haka ba tare da kishi ba, ko da yake da ɗan kunya. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ki ga 'ya'yan waɗanda kika tsallakar.

Masu ba da tallafi kuma, ku ci gaba, muna bukata. Amma in kun gama ginin, ku tambayi ta ina yaran za su bi. Mu kuma da ke zaune a gari, kowa ya duba tsakanin ƙofar maƙwabcinsa da makaranta, ya ga abin da ya tare hanya. Wataƙila maganinsa yana rataye a gidanka.

Mun yi ta tunanin wa zai karɓi igiyar, don aiki ne na safiya, lokacin da kowa ke neman na kansa. Ranar farko da Inna ba ta fito ba, na leƙa na ga rumfar faci a rufe. Can sai ga mai faci da igiya a hannu, jan ƙyalle a kafaɗa, yara jere a bayansa, ƙullin farko ba kowa. Na bi su a baya. Suka tsaya a ƙofar Inna suka gaishe ta. Daga nan bai nufi titi ba, sai ya ja su zuwa gidan mai injin niƙa, wanda har yau bai saki ɗansa ba. Ya yi sallama, suka gaisa.

Na ji shi da kunnena yana cewa, "To, ga ƙullinsa nan."