Gaisuwar Inna a Tsibirin Masu Kamun Ƙaguwa

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, a kan idona ya faru, shekarun baya ina aikin jinya a garin Laurel, can ƙasar Turawa. Mahaifiyata, Inna, ta zo mana daga Yawuri, 'yar masunta ce gaba da baya, ba ta jima ba ta daina cin abinci, wai gari ba kogi ba mai gaisuwa. Tana ramewa ina kallo, hankalina ya tashi ƙwarai.

Wata Asabar na ɗauke ta muka hau jirgin ruwa zuwa wani tsohon tsibiri a tekun Chesapeake, inda tun kaka da kakanni ba su da sana'a sai kamun ƙaguwa. Kai, garin da daɗi! Lunguna matsattsu, kowa ya gan ka sai ya ɗaga hannu, ga kaburburan iyayensu a ƙofar gida saboda ruwa yana ta cin ƙasar. Inna sai baza hanci take, wai ta ji ƙarnin gida.

A ƙarshen gari muka tarar da wani tsohon Bature yana gyaran ragar ƙarfe ta kamun ƙaguwa. A wajen su Inna ba a wuce masunci ba gaisuwa, sai Inna ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Baba, ya ruwa?" Na buɗe baki zan yi tafinta, ashe ba a buƙatata. Ita da Hausa, shi da wani Turanci da ban kama ko kalma ba, suna ta ƙyaƙyata dariya, ni ina tsaye kamar turke. Har goro ta ba shi.

A gidan abinci Inna ta share farantin kifi ta nemi ƙari. Don murna na ba mai abincin labarin tsohon, sai matar ta yi turus, ta ce wancan gefen ba kowa tun tana yarinya, ruwa ya kori mutane, kaburbura kaɗai suka rage.

A jirgi na raɗa wa Inna, sai ta harare ni.

"Kai sai yanzu ka gane? Ai ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. To babba ne, a wuce shi ba gaisuwa?"

"Me ya ce miki, Inna?"

"Ya ce in ci abinci, wai can ba wurin da ake gaggawar zuwa ba ne."

Har yau ban san wa ya karɓi goron nan ba, in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ku dai in kun je irin garuruwan nan ku gai da kowa, amma ku ɗan saci kallon ƙasa.