Ɗauko Zulai Daga Bayan Bunkure

Fita

Ladan bai gama kiran assalatu ba na ɗaura zanina. Da na idar da sallar asuba na kurɓi ragowar kunun jiya, na ƙulle goro a bakin zani, na fito.

Dalilin tafiyar jikata ce, Zulai, wadda aka kai aure bara wani ƙauye can bayan Bunkure. Cikinta na fari ya tsufa, lokacin zuwa goyon ciki ya yi, mijinta Sale kuma ya aiko cewa kada kowa ya wahala, shi da kansa zai kawo ta a babur. Uwarta ta ji saƙon ta kasa cin tuwo, amma ba ta da bakin yi wa suruki musu. Ni kuwa kaka ce, babu kunya tsakanina da mijin jikata. Na ce a aika masa ya dakata, ina tafe.

Kada wani ya ce tsoron tsufa ne. Daga damina zuwa yau, gidajen gaisuwar da na shiga a yankinmu, in ka cire sa'o'ina da lokacinsu ya yi, sauran in ka tambaya sai a ce babur. A da, ciwo ke kwantar da saurayi a yi jinyarsa. Yanzu da ƙafarsa zai fita da safe, a dawo da shi a tabarma.

Kura zuwa Karfi

Na bi bakin kanal ɗin ban-ruwa da ƙafa har kwalta, na sami a-daidaita-sahu yana jiran cikon mutum ɗaya. Gari ya fara haske muka shiga Kura. Masu turara shinkafa har sun fito da shanshera suna baza ta a gefen titi, sun cinye kusan rabin hannu guda, sun jera duwatsu don kada taya ta taka musu.

Na ce da direba, “Malam, waɗannan duwatsun da yamma ana kwashe su?”

Ya ce, “Shinkafar dai ake kwashewa, Iya. Dutse ai ba ya ruɓewa.”

Ya nuna mini wani wuri da haɓa, ya ce nan wani magidanci ya ci karo da duwatsun bayan magariba, babur ɗinsa babu fitila, yana haska hanya da wayarsa a baki. Bai kai asibiti ba. Na ce Allah ya jiƙansa, na kuma ƙara kallon duwatsun. Wanda ya ajiye su ba mugu ba ne, abincinsa yake karewa. Amma titi ba farfajiyar kowa ba ce.

Karfi zuwa Bunkure

A Karfi na sauka na sayi ƙosai mai zafi, na hau ƙaramar motar da ke shiga Bunkure. Hantsi ya fito. Hagu da dama tumatir ne da alkama, ruwa na gudu a kanal. Babura kuwa kamar fara. Na ga ɗaya da kwandon tumatir a baya, wani a kan tanki, wani a ɗaure a gefe, matuƙin yana leƙen hanya ta saman kwando kamar mai leƙen katanga.

Mun tarar da shingen jami'an tsaro a hanya. Wani ɗan acaɓa da ke gabanmu ya zaro hular kwano daga jikin kan babur ya ɗora a kan hularsa, ya wuce masu shingen yana gaisuwa, da ya ba su baya ya cire ya mayar inda take.

Matar da ke kusa da ni ta ce, “Zafi gare ta, shi ya sa.”

Na ce, “Kabari ma ba sanyi gare shi ba.”

A haka muka isa Bunkure.

Bunkure zuwa ƙauyen su Sale

Daga nan mota ba ta shiga, hanyar bakin kanal ce, dole babur. 'Yan acaɓa suka yanyame ni, kowa na cewa, “Hajiya ina zuwa?” Na tsaya na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Na farko idonsa jawur kamar gauta, yana magana harshe na masa nauyi. Na biyu ya toshe kunne da abin jin waƙa. Na uku babur sabo fil, amma ya cire madubai biyun.

Na ce masa, “Ina madubinka?”

Ya ce, “Iya, madubi ai na tsofaffi ne.”

Na ce, “To shi ya sa suka tsufa.”

'Yan uwansa suka yi masa dariya. Can gefe ƙarƙashin darbejiya na hango wani mai furfura a gemu yana goge tsohon babur, madubinsa ɗaya ɗaure da roba amma yana nan. Sunansa Malam Garba. Kafin ya tayar sai da ya juyo ya ce in tattare hijabina in danne a cinya. Ya ce a hanyar nan ya ga hijabin wata ya shiga tayar baya, ya fizge ta ƙasa ta wuya, mijinta bai ma sani ba sai da babur ya tsaya da kansa. Na ce masa na riga na tattare, amma na ji daɗin da ya faɗa.

Hanyar ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, ruwa a dama, gangaren gona a hagu. Mu mata a karkace muke zama, ƙafa biyu gefe guda, kuma ba ma riƙe namijin da ba namu ba. Ƙarfen baya kaɗai na kama. Ina tafe ina auna Zulai da cikinta a wannan zaman, nan take na gama yanke shawara. Kafin azahar muka isa.

A gidan surukai

An karɓe ni da mutunci. Aka kawo fura da nono mai kyau daga rugar da ke bayan gari, daga baya tuwon shinkafa da miyar kuka. Zulai ta fito tana jan ƙafa, ƙafafun sun kumbura.

Ta ce, “Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba?”

Na ce, “Ina jiran in ga mai kama da ke, in san Allah ya rama mini.”

Bayan la'asar Sale ya dawo daga gona, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja ni zaure in ga babur ɗinsa. Ya tsara komai. Buhun geron kunun jego a kan tanki, Zulai a bayansa, jakarta a cinyarta, ni kuma ƙaninsa zai biyo da ni.

Na ce, “Ba za ta hau ba.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Iya. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. Kwando nawa nake fitarwa kullum, ko tumatir ɗaya bai taɓa fashewa ba.”

“Tumatir in ya fashe miya ake yi da shi. Wannan fa?”

“To da me za ta fita? Mota ba ta shigowa.”

“Na ga amalanke a ƙofar gida, na ga bijimai biyu.”

Fuskarsa ta canza. Ya ce taki ake ɗauka da shi. Ya ce yaya za a yi mai sabon babur ya fitar da matarsa a amalanke, abokansa su gani a bakin gona, ai sai sun shekara suna masa waƙa. Zulai ma daga bayan labule ta sa baki, wai ita kunya take ji, kuma amalanke jijjiga gare shi.

Na ce mata, “Ke da kunyarki ku biyu ne, da na cikinki ku uku. Shi ba a tambaye shi ba.”

Na juya ga Sale na ce, “Ban zo roƙo ba. In ka ƙi, nan zan zauna a ɗakin uwarka har ta haihu, kullum da safe in gaishe ka da wannan maganar.”

Mahaifinsa, Malam Audu, yana kan buzu yana jan carbi, duk yana ji. Bai ɗaga kai ba ya ce, “A wanke amalanken, a shimfiɗa katifa.” Magana ta ƙare. Na kwana ɗakin uwar Sale, sauro ya ci rabonsa.

Dawowa

Da sassafe muka kama hanya don kada rana ta same mu. Malam Audu da kansa ya riƙe igiyar bijimai. Ni da Zulai a kan katifa, na sa mata filo a ƙugu. Sale ya ɗaure buhun gero da jakar a bayan babur, daidai inda ya so ta zauna, ya ce zai riga mu zuwa kwalta ya tsayar da mota. Ya wuce mu a guje ko waiwaye babu, don kada a ce tare muke.

Masu ban-ruwa a gonaki suna ɗago kai suna murmushi. Wani ya ce, “Amarya, yau jirgi aka hau?” Zulai ta rufe fuska. Ni na amsa masa na ce jirgin da ke isa ne.

Ba mu yi nisa ba, da muka karya wata kwana, muka hango mutane a tsaye. Babur a kwance rabinsa cikin kanal, taya na juyawa. Buhun gero da jakar Zulai suna cikin ruwa. Sale na zaune a taɓo, gwiwar hannunsa ta saluɓe, salansar babur ɗin ta ƙone masa ƙwauri.

Abin da ya faru ga shi a fili. In ranar ban-ruwan mutum ta zo, gonarsa kuma tana ƙetaren hanya, sai ya sare hanyar da fartanya ya binne tiyon inji, ya watsa ciyawa a kai. An sare wannan da asuba, ƙasar ta jiƙe ta zafta, tayar gaba ta faɗa.

Sale yana ta faɗa. “Wane marar hankali ne ya sare hanya bai sa ko reshe ba? A nemo min shi.”

Malam Audu ya sauka, ya dafa tiyon, ya bi shi da ido har gangare. Ya ce da Sale, “Wannan ba injinka ba ne? Ba kai ka ce wa ƙaninka ya ba tumatir ruwa tun da duhu ba?”

Babu wanda ya yi dariya sai can baya. Sale ya dubi jakar da ake tsamowa tana ɗigar ruwa, ya dubi Zulai a kan katifa, ya daɗe yana dubanta. Na yage gefen tsohon ɗankwalina na ɗaure masa hannu, na ce ya je a wanke ƙunar kafin ta ɗuri ruwa. Aka cike ramin da ƙasa, bijimai suka taka suka wuce.

A bakin kwalta Malam Audu ya tsayar mana da mota, ya sa aka ba Zulai gaban mota ita kaɗai. Muka sauka Karfi, muka sake hawa zuwa Kura, daga nan mai a-daidaita-sahu ya yarda ya shiga da mu har ƙofar gida, ina gaya masa ya bi a hankali a kowane rami. Ana kiran azahar muka yi sallama.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da abin da na je ɗaukowa. Na gode wa Malam Garba, na gode wa Malam Audu da bijimansa. Geron mun shanya a tsakar gida, bai lalace ba. Da yamma Sale ya kira wayar maƙwabcinmu yana tambayar yaya jikin matarsa. Na ce a gaya masa ta fi shi lafiya.