Rabin Maganar Likita

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma har yau ban huce ba.

Ƙaiƙayi ne ya fara damunta a gabanta, fatar wurin ta yi fari-fari. Ta daɗe tana fama da jiƙo kafin ta yarda muka hau tasin haya ta woro-woro daga unguwarmu Bromakoté zuwa wani asibiti a Treichville. Daga ni har ita ba ma jin Faransanci, sai ɗanta na fari, Sani, magidanci mai aikin ofis, ya zama tafinta. Ɗan da ko sunansa ba ta kamawa don kunya!

Likita ta yanki ɗan fatar aka auna. Ranar sakamako ta daɗe tana bayani, har da zane a takarda. Ciwon yana da suna, ba kansa ba ne tukuna, wato ciwon daji, amma hanyar ke nan, sai an cire wurin ana kuma dubawa. Wannan duk daga baya na sani. A ranar, Sani ya kafa ido a ƙasa ya ce mini, "Tanti, ki gaya mata an ce ba kansa ba ne." Iyakar abin da ya fassara ke nan, muka dawo gida muna hamdala.

Da ƙaiƙayin ya ƙi tafiya, matan tsakar gidanmu suka raɗa masa nasu sunan, wai ciwon 'yan bariki. Aka ware mata buta. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to ban ga haka a gidan nan ba. Hajara ta shige ɗaki ta daina faɗa wa kowa, har ni. Ranar da wari ya tona asiri muka koma, likitar ta ce yanzu kam kansa ne, ya riga ya bazu. Matan nan su ne suka fi kowa kuka ranar sadakar uku, sun kuma ci tuwo sun ƙoshi.

Sani yana yi mata saukar Alƙur'ani duk shekara. Allah ya karɓa, amma ni ihu bayan hari nake gani.

Yanzu jikokinta mata suna jin Faransanci, ba mai shiga tsakaninsu da likita. Ni kuwa duk matar da na ji tana ƙorafin ƙaiƙayi, nakan ambaci wurin da sunansa a gaban kowa, in ja ta asibiti. A unguwa suna ce mini tsohuwa marar kunya. Nakan tambayi kaina me Hajara za ta ce da ta ji ni, kuma na san amsar. Mutuniyar kirki ce mai kawaici, da ita ce ta farko da za ta ce in rufe bakina.