Nana Firdausi, Ni Ban Ce Na Yafe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, aka kira ni daga asibiti cewa Nana Firdausi Shu'aibu ta rasu. Wai daga matakala ta faɗo a sito.

Nana, tun zuwana Dubai ɗakinmu ɗaya a unguwar Muraqqabat. Ke ce mai taro baƙi a filin jirgi, ki turara musu dambu, ki koya musu shiga jirgin ƙasa kina tsokanarsu da ƙauyanci. Da aka ɗauki wata yarinya, Mahfuza, aiki a shagon turaren da kike, sai kika lura manaja yana yawan kiranta ofis ya tura ƙofa, irin yadda ya taɓa yi miki. Kika kai ƙararsa wajen masu shagon. Sakayyar da suka yi miki ita ce ɗauke ki daga kan kantar shago zuwa sitonsu da ke yankin Investments Park, ke kaɗai mace cikin 'yan dako. Kika kai su kotu. Ana gab da zama, sai ga labarin matakala.

Ban ce wani ya ture ki ba, domin ban gani ba. Amma ke da ko kujera ba kya takawa ki canza ƙwan fitila, me ya kai ki sama? Zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ranar sadakar uku manajan nan ya zo da farantan shinkafa, ya durƙusa gaban Kawu Halliru, ƙanin mahaifinki. Ya ce, "Habibi, duk abin da ya shiga tsakanina da marigayiya, a yafe mini." Kawu ya amsa yadda kowane dattijo yake amsawa a zaman makoki: "An yafe duniya da lahira." Ina miƙa shayi na ga abokin tafiyarsa riƙe da waya a ƙirji, tana kallon Kawu tana ɗaukar bidiyo. Washegari lauyansu ya kira lauyan da ke riƙe da ƙararki: iyali sun yafe, khalas, shi ke nan, a janye ƙara.

Kawu ladabin makoki ya yi, ba da yawun shari'a ya yi magana ba. Mahfuza tana tsoro, bizarta a hannunsu take, amma ta ce za ta ba da shaida.

Allah Ya jiƙan ki, Nana, Ya haskaka makwancinki, Ya bayyana abin da aka ɓoye. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Hajiya Ummi Kulsum da dukan dangi a Kano, Allah Ya ba su haƙuri. Ni da Mahfuza kuwa, ranar Litinin muna kotu.