Ranar da Tsoron Sukari Ya Kusa Kashe Babanmu

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da muka je ta'aziyya wani ƙauye kusa da Gesheme, ni da Baba da yayana.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Dogon Dutsi, kuma mutum ne da in ya kama abu ba ya yi masa riƙon sakainar kashi. Da lokotoro, wato likita, ya ce yana da ciwon sukari, aka ɗora shi kan ƙwayoyi, aka ce ya rage tuwo da shinkafa da fura. An ce ya rage, shi kuwa ya yanke su gaba ɗaya, ya koma kwaɗon zogale da ƙwai da kifi. Sai wani abokinsa ɗan kasuwa ya kawo masa garin wani ganye daga Yamai, sitibiya, mai ɗan karen zaƙi amma babu sukari a ciki. Shi ke nan Baba ya samu abin wa'azi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa sukari guba ne, har dangin ƙauye suka haddace. Duk inda za shi, gwangwanin garin nan na cikin jakarsa.

Ranar ta'aziyyar da safe ya sha ƙwayarsa, ya kurɓi shayi, muka kama hanya. Da muka isa aka tarbe mu da fura kamar yadda aka saba. Baba ya ɗaga ƙwaryar, ya taɓa ta da leɓe don kada a ce ya raina, ya miƙa wa na kusa. Da rana aka kawo tuwon gero, nan ma ya ce Alhamdu lillahi. Ga zafi, ga tafiyar ƙasa zuwa maƙabarta da dawowa, cikinsa kuma babu komai.

Bayan azahar ina cikin mata aka ce in fito. Na tarar da shi a zaure an jingina shi da bango, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, hannuwansa na karkarwa, yana ta surutun da babu kai babu gindi. Ya dube ni bai gane ni ba.

Gwaggo, yayarsa, ta leƙa fuskarsa ta ce, “Wanga ba ciwon likita ba na. Doguwa ta, aljanar gidanmu, tun da yab bar ta take biɗar shi. A kawo turare.” Yayana, wanda ko sunan bori ba ya son ji, ya ce babu mai kunna turare a kan ubansa, ya durƙusa ya fara tofi. Suka kama cacar baki, Baba kuwa kansa sai ƙara langaɓewa yake.

Ni nake raka shi likita, kuma na tuna an taɓa ce mana in ya kama gumi da karkarwa, sukarin jikinsa ne ya yi ƙasa, a ba shi sukari maza. Na ce a dama ruwan sukari a kawo. Wata matar gidan ta ruga ta dawo da kofi. Na tallafi kansa, na yi sa'a yana iya haɗiya, na ba shi. Muka zuba ido. Babu abin da ya canza, sai ma idanunsa da suka fara lumshewa.

Ban san abin da ya sa na kurɓi sauran ba. Zaƙi kam akwai, amma a bayansa sai na ji ɗan ɗacin nan da na sani sarai. Na tambayi matar inda ta ɗebo sukarin.

Ta ce, “Cikin jikka tai na ɗebo, nashi na ganye. Ai kowa ya san ba a ba shi wancan.”

Baiwar Allah taimako ta yi niyya. Na fita da gudu babu ko takalmi, na faɗa cikin maza masu zaman makoki, abin da mace ba ta yi, na wawuri kwalin sukari a gaban mai dafa shayi. Ina dawowa yayana ya riƙe mini hannu.

Ya ce, “Kina da hankali kuwa? Mai ciwon sukari za ki ɗura ma sukari? Kashe shi za ki yi?”

Gwaggo ma ta goyi bayansa, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Wallahi a lokacin ni kaina sai da shakka ta kama ni. In na ba shi ya cika a hannuna, har in mutu ni ce wadda ta kashe ubanta. In na bari kuma, ina kallo zai tafi. Na ce, “Yaya, sake ni. In ya mutu ka ce ni ta.” Ya daɗe yana kallona, sannan ya sassauta hannunsa.

Na narka sukarin a ɗan ruwa, na dinga ba shi kaɗan-kaɗan. Can karkarwar ta fara lafawa. Ya buɗe ido, ya kira sunana, ya ce me ya fito da ni cikin maza babu mayafi. Sai a lokacin na fashe da kuka.

Muka ba shi fura ya sha, muka nemi mota zuwa likita, aka rage masa ƙwayar, aka ce kada ya ƙara shan ta da yunwa. A hanyar gida yayana kallon hannun da ya riƙe ni da shi kawai yake yi.

Ganyen nan ba shi da laifi, har gobe da shi Baba ke shan shayi. Amma zaƙinsa a harshe yake tsayawa, ba ya ɗaga wanda ya faɗi. Abin da na koya shi ne, in lokotoro ya faɗa maka magana, ka kai wa mutanenka ita dukanta. Rabin da aka sani shi ya sa masu ƙaunar Baba suka tsaya tsakaninsa da abin da zai cece shi.